Tafiyar da riyaktar kalsiyam a tankin murjani cikin sauƙi da araha

"Assalamu alaikum. Ina da tankin ruwan gishiri a gidana a Abuja, ruwansa duka har da na ƙaramin tankin ƙasa ya kai lita 400, kuma shekara biyu ke nan ina kiwon murjani masu ƙashi a ciki. Yanzu sun girma, alkaliniti yana sauka da kusan dKH 1.5 (dKH shi ne ma'aunin alkaliniti) a rana in ban zuba komai ba, ga kuɗin ruwan sinadarai kashi biyu da nake sayowa daga waje ya fara fin ƙarfina. Wani ya yi mini tayin tsohuwar riyaktar kalsiyam, amma duk abin da na karanta yana nuna sai an haɗa ta da na'urori masu tsada, saita ta kuma aiki ne ja. Shin akwai hanya mai sauƙi da araha? Ga kuma matsalar ɗauke wuta."

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, idan na fahimce ka, tambayarka ta ƙunshi abu biyu: ko tankinka ya kai matsayin da kwalliya za ta biya kuɗin sabulu in ka ɗauki riyakta, da kuma ko za a iya tafiyar da ita ba tare da an tara na'urori ana kwana ana murɗa bawul ba. Amsar duka biyun ita ce e, amma da sharaɗi. Sharaɗin shi ne ka san wurare biyu da ba a neman araha a kansu, ka kuma yarda cewa abu ɗaya tak za ka riƙa taɓawa wajen saiti. Mafi yawan waɗanda suke cewa riyakta ta gagare su, in ka bi diddigi, za ka tarar abu uku suke juyawa a lokaci guda, wato gudun ruwa da yawan iskar CO2 da lambar pH (ma'aunin tsamin ruwa), su auna da yamma su sake juyawa da safe, har su kasa gane wanne ne ya kawo canjin da suke gani.

Abin da ke faruwa a cikin riyakta

Murjani mai ƙashi, wato halittar nan ta teku, yana gina ƙashinsa ne da kalsiyam kabonet, a siffar da ake kira aragonait, kuma daga ruwa yake ɗibar kayan ginin: kalsiyam a gefe guda, bayikabonet a ɗaya gefen, wanda shi ne mafi yawan abin da muke aunawa da sunan alkaliniti. Ruwan teku na asali yana ɗauke da kalsiyam wajen ppm 420 (ppm kusan miligiram ne a lita ɗaya), alkaliniti wajen dKH 7, magnesiyam kuma kusan ppm 1,300. A teku ɗibar da murjani ke yi ba ta nunawa, amma a lita 400, kwana biyu ko uku ba tare da ƙari ba sun isa murjaninka su fara nuna alamar wahala.

Riyakta warware aikin murjani take yi. Tulu ne rufaffe da aka cika da tsakuwar kalsiyam kabonet, galibi farfasasshen ƙashin murjani, ana shigo masa da ruwan tanki kaɗan-kaɗan, ana hura masa iskar CO2, wani ƙaramin famfo kuma yana juya ruwan a ciki ba tsayawa. Iskar tana narkewa ta sa ruwan ya yi tsami, pH ɗinsa ya sauka daga wajen 8 zuwa tsakanin 6.5 da 6.7, a nan ne tsakuwar take narkewa, sai ruwan ya ɗiga ya koma tanki ɗauke da kalsiyam da bayikabonet. Masu kiwo na Jamus ne suka yaɗa wannan dabara a shekarun 1990, kuma sunan Daniel Knop yana cikin waɗanda aka fi dangantawa da ita.

Abin da ya kamata ka riƙe daga wannan bayani shi ne cewa tun da ƙashin murjani ake narkarwa, abin da ke fitowa yana zuwa ne daidai da gwargwadon da murjani ke ci, wato kusan ppm 7 na kalsiyam ga kowane dKH 1 na alkaliniti. Wannan yana da fa'ida yana kuma da iyaka. Fa'idar ita ce ba sai ka riƙa auna kalsiyam kullum ba. In alkaliniti ya tsaya wuri ɗaya, kalsiyam ma zai tsaya. Dama alkaliniti shi ne ma'aunin da ya fi gaskiya a nan, domin raguwar dKH 1 daga 8 babban motsi ne da kowane kayan awo zai nuna, alhali raguwar ppm 7 daga 420 tana ɓacewa cikin kuskuren awon kansa. Iyakar kuwa ita ce riyakta ba ta gyara ruwan da ya riga ya karkace. Idan kalsiyam ɗinka yana 370 kana son ya kai 420, ka kuma ce da riyakta za ka ɗaga shi, to sai alkaliniti ya hau da dKH 7 kafin ka isa, kuma kafin nan ƙarshen rassan murjaninka sun ƙone. Don haka da hannu ake fara daidaita kalsiyam da alkaliniti da magnesiyam, sannan a damƙa wa riyakta ta riƙe su a inda aka ajiye.

Lissafin tankinka

Tun da ka ba ni lambobi, bari mu yi aiki da su. Kowane dKH 1 daidai yake da miligiram 17.9 na kalsiyam kabonet a lita ɗaya. Lita 400 sau 1.5 sau 17.9 zai ba ka kusan giram 11 a rana, wato wajen kilo 4 na tsakuwa a shekara. Ta ɓangaren iska kuma, giram 44 na CO2 ne ke narkar da giram 100 na tsakuwa a takarda, ke nan ƙasa da giram 5 a rana, ko kilo 1.7 a shekara. A aikace za ka ci ninki biyu ko fiye da haka, domin wani kaso na iskar yana fita tare da ruwa bai narkar da komai ba, amma duk da haka tukunyar iskar CO2 mai kilo 5 ya kamata ta kai ka wajen shekara in babu yoyo. Ga inda arahar riyakta take: sayen farko ne ke da ciwo, ɗawainiyar yau da kullum kuwa 'yar kaɗan ce.

Gaskiya ta sa in gaya maka cewa akwai abokiyar takara. Ruwan sinadarai kashi biyu ba dole ba ne a saye shi a kwalba mai tambari. Ana iya haɗa shi a gida da bekin soda a kashi ɗaya da kalsiyam kulorayid a ɗaya kashin, kuma wannan ma tsohuwar hanya ce, tsarin da Hans-Werner Balling ya bayyana a Jamus a kanta ya ginu. Bekin soda ba ya wuyar samu, kalsiyam kulorayid mai tsabta shi ne ke buƙatar nema. Kada kuma wani ya ruɗe ka da kanwa don an ce 'yar'uwar soda ce. Gaskiya ne akwai kabonet a cikinta, amma tana gauraye da ƙasa da wasu gishirin da ba a san adadinsu ba, wurinta tukunyar miya ne ba tankin murjani ba. Aibin kashi biyu shi ne yana barin gishiri a baya, ƙarfin gishirin tanki yana hawa a hankali sai ana rage shi, kuma yawan abin da ake zubawa yana ƙaruwa tare da girman murjani. Da a ce tankinka bai kai dKH 1 a rana ba, da na ce ka bar tayin ya wuce. A 1.5, da murjani masu girma waɗanda cinsu gaba zai yi ba baya ba, da kuma tsohuwar riyakta a hannu, ina ganin ɗauka ya fi.

Wurare biyu da ba a rowa

Na farko shi ne regileta, wato na'urar da ke rage matsin iskar da ke fitowa daga tukunya, da bawul ɗinta mai allura. Iskar da ke cikin tukunya ruwa-ruwa take, matsinta kuma yana tsaye wajen 57 zuwa 60 a ma'aunin matsi na bar a ɗaki mai matsakaicin sanyi, ba ya raguwa har sai ruwan iskar ya ƙare. Daga nan ne matsin ke faɗuwa da sauri, kuma regileta mai mataki ɗaya, musamman mai araha, takan saki iska fiye da kima a daidai wannan lokaci. Na taɓa dawowa daga tafiyar kwana biyu na tarar da tulun ya cika da iska, tsakuwar ƙasa ta koma kamar kunu, ruwan tanki ya yi fari-fari, ba don komai ba sai don tukunya ta zo ƙarshe ina amfani da irin wannan regileta. Regileta mai mataki biyu ba ta yin haka. A kula, agogo biyu a jikin regileta ba shi ne mataki biyu ba. Kusan kowace regileta tana da agogo biyu, matakan a ciki suke, kuma masu sayarwa da dama ko dai ba su san bambancin ba ko sun fi son kada ka sani. Tsohuwar regileta mai mataki biyu irin ta ɗakunan gwaje-gwaje ta fi sabuwa mai mataki ɗaya. Bawul mai allura kuwa shi ne zuciyar saitin gaba ɗaya: in ka sa shi a ƙwayar iska (kumfa) 12 a minti ɗaya, ya kamata ka dawo bayan mako ka tarar da 12. Wanda yake 12 da safe ya koma 20 da rana zai sa ka zargi tsakuwa da famfo da kayan awo alhali shi ne mai laifin.

Na biyu shi ne abin da ke tura ruwa ta cikin tulun. Hanyar da ta fi araha ita ce a yanki reshe daga bututun babban famfo a sa ƙaramin bawul a bakin fita a matse shi har ruwan ya koma ɗigo. Tana aiki, amma a ƙaramin gudu irin wanda kake buƙata, ƙofar bawul ɗin ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ɗan datti ko ɗan daskararren kalsiyam ya isa ya toshe ta, sai ɗigon ya ragu kullum ba ka sani ba. Na yi shekaru da wannan tsari, kuma duk safiya sai na duba ɗigo kafin in sha shayi. Abin da ya raba ni da wannan wahala shi ne famfo mai matsa tiyo, wanda ke tura ruwa daidai mililita da aka ce masa ko da an sami ɗan toshewa. Sai dai a tabbatar irin wanda aka ƙera don aiki dare da rana ne, kamar Kamoer FX-STP, ko tsohon Masterflex in an dace da shi. Ƙananan famfunan zuba sinadari an yi su ne don aikin 'yan mintoci a rana, in aka bar su a kunne ba sa daɗewa. In kuɗi bai kai ba tukuna, to a buɗe bawul ɗin ruwan ya riƙa zuba siriri maimakon ɗigo, kamar mililita 60 zuwa 80 a minti ɗaya. Toshewa za ta ragu sosai, abin da za ka biya shi ne ƙarin iska da ɗan saukar pH a tanki.

Sauran kayan duk ana iya rage musu kuɗi. Tulun kansa ba shi da wani sirri. In tsohuwar da aka yi maka tayi ba ta tsage ba, robar murfinta ba ta bushe ba, famfon juyawarta kuma yana tashi ba gardama, to ta yi. Ka cika ta da ruwan famfo ka bar ta tana juyawa kwana ɗaya a kan busasshen kwali kafin ka biya. Kwalbar ƙirga ƙwayoyin iska ko wace iri ce ta wadatar. Tulu na biyu, wanda ake sawa ruwan ya bi ta cikin ƙarin tsakuwa kafin ya faɗa tanki, ana iya yin sa da kwandon matatar ruwan sha na roba. Abubuwa biyu ƙanana kada a bar su: bawul mai hana ruwa komawa, tsakanin tulu da regileta, domin ruwan gishiri in ya shiga regileta ya gama da ita, da kuma tiyo irin na CO2, domin tiyon silikon mai laushi na famfon iska yana barin wannan iska ta tsere ta jikinsa.

Saura batun na'urar da ke lura da pH tana kunna iska tana kashewa. Mutane da yawa suna ɗaukar ta a matsayin direba, ni kuwa mai gadi na ɗauke ta. Sandar awon pH tana kaucewa da kanta a hankali, sai ana daidaita ta da ruwan gwaji na pH 7 da na pH 4, kuma bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi takan nemi canji. Idan duk tsarinka a kanta ya dogara, ranar da ta yi ƙarya tankinka zai bi ƙaryar. Abin da nake yi shi ne in saita iska da bawul mai allura yadda pH na cikin tulu zai zauna da kansa wajen 6.6, sannan in ce wa na'urar ta yanke iska in ya sauka zuwa 6.4. A haka bawul ɗin lantarki da ke yanke iskar yakan yi kwanaki bai motsa ba. Ana iya farawa ma babu na'urar gaba ɗaya, muddin regileta mai kyau ce, a riƙa auna alkalinitin ruwan fita, wato wanda ke fitowa daga tulu, a madadinta.

Yadda ake saiti

Da farko ka tsayar da gudun ruwa, ka kuma ƙudura cewa ba za ka sake taɓa shi ba. Tankinka yana buƙatar 400 sau 1.5, wato 600 a ma'aunin dKH da lita, kowace rana. In ruwan fita yana da dKH 28 na tanki kuma yana da 8, kowace lita da ta ratsa tulun tana ƙara 20, ke nan lita 30 kake buƙata a rana, wato kusan mililita 21 a minti ɗaya. Ka sa shi a 25 don ka bar wa murjani wurin girma. Da sirinji ko ƙaramin kofin awo da agogon waya ake tabbatar da wannan, ba da ƙirga ɗigo ba, domin ɗigo ba girmansu ɗaya ba.

Sannan ka buɗe iska kaɗan, kamar ƙwaya ɗaya duk daƙiƙa 5 ko 6. Wannan lamba mafari ce kawai, tun da girman ƙwaya ya danganta da bakin tiyo da matsin regileta, shi ya sa ba a kwafar lambar wani. Ka bar shi kwana ɗaya, ka auna alkalinitin ruwan fita. Kayan awo na ɗigo irin su Salifert suna iya kaiwa, amma na'urar Hanna ta ruwan gishiri a dKH 20 take tsayawa, sai ka gauraya rabi ruwan fita rabi tataccen ruwa ka ninka sakamakon biyu. In ka sami ƙasa da 20, ƙara iska kaɗan. Tsakanin 25 da 30 wuri ne mai kyau.

Kada ka yanke ruwan kashi biyu rana ɗaya. Ka rage shi da kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana uku ko huɗu, kana auna alkalinitin tanki kullum a lokaci guda, domin yakan ɗan motsa tsakanin safe da dare. In ya fara sauka, ka ƙara iska da ƙwaya biyu ko uku a minti ɗaya. In ya fara hawa, ka rage. Bayan kowane gyara ka jira kwana biyu kafin ka yanke hukunci, saboda tulun yana buƙatar sa'o'i kafin ya zauna a sabon matsayi, tankin kuma ya fi shi nawa. Wannan jiran shi ne abin da ya fi wa mutane wuya. Murjani, musamman masu rassa irin su Akropora, sun fi jure zama a dKH 7.5 ko 9 a kan hawa da sauka tsakanin biyun, don haka ba lamba ake farauta ba, tsayuwa ake nema. Ranar da ka ga sai ka tura pH na tulu ƙasa da 6.4 kafin riyakta ta riski cin murjani, a lokacin ne kawai za ka ƙara gudun ruwa, kamar daga 25 zuwa 35, ka sake barin sa.

Tsakuwa

Ka zaɓi manyan ƙwayoyi a kan ƙanana. Ƙananan sun fi saurin narkewa, amma suna curewa su hana ruwa ratsawa, su kuma koma laka da zarar pH ya ɗan wuce ƙasa. Aragonait ya fi kalsait, wata siffar ta kalsiyam kabonet, sauƙin narkewa, shi ya sa tsakuwar ƙashin murjani irin ARM na CaribSea ko Reborn na Two Little Fishies take aiki a pH mafi sama da na farin dutse. Na san zuciya za ta raya maka ka leƙa wurin masu sayar da abincin kaji, inda ake samun niƙaƙƙen farin dutse da ɓawon kawa da araha. Ɓawon kawa galibinsa kalsait ne kuma yakan zo da ragowar nama da datti, farin dutse kuwa kowace mahaƙa da nata gaurayen. Garin ƙashi da ake sayarwa kusa da su ko kusa kada ya shiga, domin kalsiyam fosfet ne, fosfet kuma shi ne abincin gansakuka, yana hana murjani gina ƙashi. Tun da kilo 4 kake buƙata a shekara, abin da za ka tsira da shi bai kai haɗarin ba. Ko wace tsakuwa ka sa, ka wanke ta sosai, ka kuma auna fosfet a ruwan fita a makon farko.

Magnesiyam da ke cikin ƙashin murjani kaɗan ne, kuma gansakukar nan mai ruwan hoda da ke lulluɓe duwatsu tana cinsa da yawa. Ana haɗa kusan kashi ɗaya cikin goma na dolomait, dutse mai ɗauke da magnesiyam, cikin tsakuwar, ko kuma a riƙa auna shi sau ɗaya a wata a gyara da hannu. Na fi son ta biyun, domin dolomait in ya yi yawa sai an juye tulun kafin a rage shi.

Saukar pH a tanki

Wannan shi ne aibin riyakta na gaskiya. Ruwan da ke fitowa yana ɗauke da ragowar CO2, don haka pH na tanki yakan ɗan sauka, musamman kafin asuba. In bai yi ƙasa da 7.8 ba kuma alkaliniti yana tsaye, ba na ɗaga hankalina. Magani mafi araha shi ne a sa ɗigon ya faɗa inda ake noman ciyawar teku a tankin ƙasa, ta cinye iskar, ko kusa da bakin sikima, na'urar da ke tace datti da kumfa, ta fitar da ita. Sau da yawa ma laifin ɗakin ne ba na riyakta ba: ɗaki rufaffe mai na'urar sanyaya da mutane a ciki yana tara CO2 fiye da iskar waje nesa ba kusa ba. Jawo tiyon iskar sikima daga waje yana taimakawa, amma a nisanta shi daga hayaƙin janareta da inda ake fesa maganin sauro, a kuma sa masa ɗan gawayin tacewa da auduga saboda ƙurar hunturu. In duk wannan bai isa ba, sai a haɗa da ruwan kalsiyam haidiroksayid, wanda masu kiwo ke kira kalkwasa da sunansa na Jamusanci. pH ɗinsa ya haura 12, yana ɗaga na tanki yana kuma ƙara kalsiyam da alkaliniti a daidai gwargwadon nan. Ka riƙa zuba ƙayyadadden adadi da dare, kada ka ɗaura shi da ruwan cike gibin wanda ya ƙafe, domin ruwan da tanki ke asara a hunturu ya fi na damina yawa, alkalinitinka zai riƙa bin yanayi.

Wuta da zafi

Bawul ɗin lantarki da ke kan regileta a rufe yake in babu wuta, wannan shi ne babban amfaninsa a gare ka ko da ba ka sayi na'urar pH ba. Ka sa shi a soket ɗaya da famfon da ke juya ruwan tulu, yadda duk lokacin da famfon ya tsaya iska ma za ta tsaya. Ɗauke wuta na sa'a biyu ko uku ba ya cutar da riyakta, abin da kawai zai faru shi ne tanki zai rasa ɗan kaso na abincin ranar. In akwai inbata a gidan, famfon juyawa da mai matsa tiyo ba su da cin wuta, amma famfunan da ke motsa ruwan tanki su ne a gaba, tun da su ke riƙe numfashin kifi da murjani. Idan riyakta ta kwana ɗaya ko fiye a tsaye, kada ka mayar da ruwanta tanki kai tsaye; ka tara na farko a bokiti ka shinshina, in ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai ka ci gaba da zubarwa har ya gushe. Bayan dawowar wuta ka duba saman tulun, domin iska takan taru a can ta hana famfo kama ruwa.

Zafi kuma yana da nasa. Daga digiri 31 zuwa sama CO2 ba ta zama ruwa, matsin tukunya yana hawa da sauri, don haka ba a barin ta a rana ko a but ɗin mota, kuma a tsaye take zama a ɗaure. Agogon regileta ba ya gaya maka abin da ya rage; sikeli ne ke faɗa. Nauyin tukunya babu komai a ciki yana buge a kafaɗarta, ka auna ka cire. Masu cika tukwanen kashe gobara da masu kai wa injinan lemo iska su ne inda aka fi samun cikawa, amma ka nemi tukunya marar bututun zuƙo daga ƙasa, domin ta kashe gobara ruwan iskar take turowa. Duk lokacin da ka ɗaura regileta, ka sa sabon wosha ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa. Tukunyar da ta ƙare cikin wata biyu a tanki irin naka yoyo ne ya cinye ta.

Ƙwarewata a tankunan gida ta tsaya, waɗanda ba su kai lita 1,000 ba, kuma lambobin da na ba ka daga awon da ka aiko suka fito, ban ga tankin da idona ba. Kafin ka haɗa komai, ka sake tabbatar da wannan 1.5 ɗin: ka dakatar da zuba sinadari na sa'a 24, ka auna kafin da bayan a lokaci guda da kayan awo guda, ka maimaita bayan mako. In ya fito 1.2 ko 2, sai ka mayar da sabuwar lambar cikin lissafin nan ka fitar da gudun ruwan da ya dace da kai.